Littafin da Bai Fito Ba: Yadda Masu Wasan Dungeons & Dragons Ke Kintatar Shirin Kamfani

Kamfanin Wizards of the Coast, wanda ke garin Renton kusa da Seattle a Amurka, shi ke buga littattafan wasan Dungeons & Dragons, kuma ba ya faɗin abin da zai fitar sai ranar da ya ga dama. Tsakanin wannan sanarwa da waccan akan yi watanni ba a ji komai daga bakinsa ba. A cikin wannan shirun ne masu wasan suka ƙago wata sana'a tasu, wato kintace. Duk alamar da ta ɓullo daga kamfanin sai su bi diddiginta, su auna, su ce ga littafin da ke tafe, ga watan da zai iso kasuwa. Wani lokaci su dace har mutum ya riƙe baki. Wani lokaci kuma su shekara goma suna jiran abin da ko hanya bai kamo ba.

Wasan kansa a kan tebur ake yin sa. Mutum huɗu zuwa shida su zauna, kowa da takarda da fensir da dayis irin na lido, sai dai nasu ba mai fuska shida kaɗai ba ne: akwai mai huɗu, mai takwas, mai goma, mai goma sha biyu, da mai ashirin wanda shi ne uban tafiya. Mutum ɗaya ne jagora, littattafan na kiransa Dungeon Master. Shi ke bayyana wuri, shi ke magana da bakin sarki da ɗan kasuwa da dodo. Sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, ko mayaƙi, ko matsafi, ko ɓarawo, ko mai warkarwa. Jagora ya ce ga ƙofa a kulle, ana jin gurnani a bayanta. Mai riƙe da ɓarawo ya ce zai buɗe kwaɗon ba tare da an ji motsinsa ba. Sai ya jefa dayis mai fuska ashirin, a haɗa abin da ya fito da lambar gwanintar jaruminsa, in jimilla ta kai abin da jagora ya yanka, ƙofa ta buɗu. Tatsuniya ce wadda masu sauraro su ne 'yan cikinta, kuma har mai ba da ita bai san inda za ta ƙare ba.

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da wasan a 1974, ƙarƙashin ƙaramin kamfanin TSR da ke Lake Geneva a jihar Wisconsin, kuma kwafi 1,000 aka fara bugawa. Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, shi kuma Hasbro, babban kamfanin kayan wasan yara mai Monopoly, ya saye shi a 1999. Tun daga nan, abin da ake bugawa ba ya rataya a kan marubuta kaɗai, da hannun masu hannun jari a ciki.

Dalilin da ya sa ake damuwa da abin da ke tafe ba ɓoyayye ba ne. Manyan littattafan dokoki uku ne, Player's Handbook da Dungeon Master's Guide da Monster Manual, kowanne kusan dala 50. Wanda ya saye su yau, gobe ya ji an sauya dokoki, ya yi asara. Labarin da ƙungiya ta fara a tebur yakan ci shekara ɗaya ko biyu ana haɗuwa mako-mako, don haka jagora na son sanin ko ya fara yanzu ko ya dakata. Mai shagon wasanni ya fi kowa shiga uku, domin shi ke zuba kuɗi ya cika kanta da littattafan da wata sanarwa guda za ta iya mayar da su kwantai. Akwai kuma ɗaruruwan ƙananan mawallafa da ke rubuta ƙarin labarai a kan dokokin wannan wasa. Su kam abincinsu ne, in kamfani ya juya dama suna hagu, aikin shekara ya tashi a banza.

Lissafin shekaru

Kintacen da ya fi kowanne tsufa shi ne na sabon bugu, wato lokacin da kamfani zai sake zubin dokokin baki ɗaya. Masu lissafi kan jera shekarun. Bayan na 1974, an fitar da Advanced Dungeons & Dragons tsakanin 1977 da 1979. Bugu na biyu ya zo a 1989, na uku a 2000, aka yi masa kwaskwarima a 2003, na huɗu a 2008, na biyar a 2014. Wanda ya duba tazarar zai ga kusan goma, sai goma sha ɗaya, sai takwas, sai shida. Ba wata ƙa'ida da za a fitar daga wannan jeri, sai dai a ce bugun da ke ciniki yakan daɗe, wanda kasuwarsa ta yi sanyi kuma a sallame shi da wuri. Duk da haka, da bugu ya cika shekara biyar ake fara raɗe-raɗin mutuwarsa.

Alamar da ta fi lissafin shekaru amfani ita ce ganin kamfani yana tattara kayansa. A watan Afrilun 2007 aka sanar cewa ba za a sabunta wa kamfanin Paizo lasisin buga mujallun Dragon da Dungeon ba, mujallun da suka yi shekaru da dama suna rakiyar wasan. Masu lura suka ce ruwa ba ya tsami banza. A watan Agustan shekarar, a taron Gen Con da ake yi duk shekara a Indianapolis, aka sanar da bugu na huɗu. Kintacen ya yi daidai, amma ba wanda ya hango abin da zai biyo baya. Paizo ya ɗauki tsofaffin dokokin ya gina nasa wasan, Pathfinder, ya fitar a 2009, kuma 'yan shekaru kaɗan bayan haka ya riƙa zarce Dungeons & Dragons a jerin cinikin shagunan wasa na Amurka. A Janairun 2012 Wizards ya sanar cewa ya fara aikin wani sabon bugu, na huɗun bai ma cika shekara huɗu ba.

Na baya-bayan nan ya zo da nasa ruɗanin. Kowa ya san 2024 ce shekarar da wasan zai cika hamsin, kuma ba kamfanin da zai bar irin wannan dama ta wuce shi. A Satumbar 2021 aka ce sabon salo na tafe a 2024, a Agustan 2022 aka raɗa wa aikin suna One D&D. Nan take aka shiga kiransa bugu na shida. Kamfanin ya dage cewa har yanzu na biyar ne, gyara kawai aka yi, tsofaffin littattafan labari za su ci gaba da aiki. Player's Handbook ya fito a Satumbar 2024, Dungeon Master's Guide a Nuwamba, Monster Manual kuma sai Fabrairun 2025, bayan shekarar bikin ta wuce. Masu wasa da yawa suka raba gardama da kansu, suka kira shi biyar da rabi.

Yunwar tsofaffin duniyoyi

Ba dokoki ne suka fi tayar da ƙura ba, duniyoyi ne. Kowane labari na bukatar ƙasar da zai faru a cikinta, da taswirarta da sarakunanta da tarihinta, kuma TSR ya ƙirƙiri irin waɗannan da yawa. Akwai Greyhawk na Gygax kansa, Dragonlance na 1984, Forgotten Realms da aka fitar cikin akwati a 1987, Spelljammer na 1989, Ravenloft ƙasar masu shan jini da ta zama duniya mai zaman kanta a 1990, Dark Sun na 1991, Al-Qadim na 1992 wanda aka gina a kan hikayoyin Larabawa, Planescape na 1994, da Birthright na 1995. Kowace da masoyanta. Matsalar ita ce mai sayen littafin Dark Sun ba ya sayen na Dragonlance, ga shi kuɗin rubutu da zane da bugawa bai ragu ba. TSR ya raba kasuwarsa da hannunsa, kuma ana lissafa wannan cikin manyan abubuwan da suka durƙusar da shi, tare da tulin littattafan da ba su sayu ba waɗanda dillalinsa Random House ya maido masa a 1996.

Wizards ya riƙe wannan darasi gam. Da bugu na biyar ya fito a 2014, sai ya koma fitar da littattafai kaɗan, wajen uku a shekara a farkon tafiyar, kuma akasarinsu a duniya ɗaya, Forgotten Realms. Ta fuskar ciniki dabarar ta yi, domin kowane littafi ya zama abin da kowa ke magana a kansa. Amma ta bar masoyan sauran duniyoyin da yunwa, kuma mai yunwa ko ƙamshin girkin maƙwabta ya ji sai ya ce nasa ne. Mafi yawan kintacen shekaru goman da suka biyo baya daga nan ya samo asali. A 2020, Ray Winninger, wanda ke shugabantar sashen wasan a lokacin, ya ce ana aikin dawo da tsofaffin duniyoyi uku, bai faɗi sunansu ba. Ya kuma sha nanata cewa ba duk abin da aka fara aikinsa ke kaiwa kasuwa ba. Rabin farko na maganar aka riƙe, rabin na biyu ba wanda ya so ji.

Takardun gwaji

Hanyar da ta fi kowace inganci wajen gane inda kamfanin ya dosa, shi da kansa ya buɗe ta. Tun Fabrairun 2015 yake sakin gajerun takardu kyauta mai suna Unearthed Arcana, ɗauke da daftarin dokokin da bai gama ba: sabon nau'in jarumi, sabuwar ƙabila, sabon tsafi. Jama'a su gwada a teburinsu, bayan 'yan makonni a buɗe musu tambayoyin jin ra'ayi. Ba a faɗin littafin da dokokin za su shiga, amma jigon takardar yakan tona asiri. A Janairun 2021 aka saki wadda ke ɗauke da jarumai masu jinin masu shan jini da waɗanda suka mutu suka dawo, a watan Mayu sai ga Van Richten's Guide to Ravenloft. A Afrilun shekarar aka gwada dokokin manyan dodannin nan masu fukafukai da aman wuta, a Oktoba sai ga Fizban's Treasury of Dragons. A Maris na 2022 ma ba a wahalar da kowa ba, domin taken takardar ya ambaci Krynn, sunan duniyar Dragonlance, littafin kuma ya fito a Disamba. Daga gwaji zuwa kanta akan ɗauki wata huɗu zuwa shekara guda.

Sai dai gwaji gwaji ne. Jeremy Crawford, wanda ya daɗe yana jagorantar tsara dokokin, ya bayyana ma'aunin da suke amfani da shi: abin da ya samu gamsuwar kashi 70 cikin ɗari ya haye, wanda ya kai 80 an so shi sosai, wanda ya faɗo ƙasa da 60 kuma da wuya ya tsira. Wannan na nufin takardar gwaji na nuna abin da kamfanin ke tunani ne, ba abin da ya yanke ba. An gwada wata sabuwar ƙabila mai suna ardling, mutane masu kan dabbobi, a farkon aikin One D&D, aka ajiye ta a 2023. An gwada wasu dokoki na musamman don littafin Strixhaven a tsakiyar 2021, littafin ya fito a Disamba babu su. Mafi tsawon labari shi ne na jarumin da ake kira Mystic, mai sarrafa abubuwa da ƙarfin tunani ba da tsafi ba. An fara gwada shi a 2015, aka fitar da cikakken daftarinsa a 2017, mutane suka sakankance cewa littafinsa na hanya. A 2020 kamfanin ya ce ya haƙura da shi. Guntayen tunanin ne kawai suka shiga Tasha's Cauldron of Everything a Nuwambar shekarar.

A nan akwai abin lura da masu kintace ba su cika son a faɗa ba. Muhawarar da suke tafkawa a kan kowace takarda aiki ne suke yi wa kamfanin kyauta. Tana gaya masa abin da zai sayu tun kafin ya biya mai zane ko maɗaba'a, tana kuma riƙe sunan wasan a bakin mutane a watannin da ba sabon littafi. Ba abin mamaki ba ne da ba ya hanzarin kashe jita-jita.

Labarin Spelljammer ya nuna wannan ƙarara. Jeff Grubb ne ya tsara duniyar a 1989: jiragen ruwa na katako masu shawagi a sararin samaniya daga wannan duniya zuwa waccan, matsafi na zaune a kan wata kujera yana tuƙa su da tunaninsa. A cikinta akwai giff, sojojin haya masu kan dorina da son bindiga, akwai kuma wasu manyan ɓeraye na sararin samaniya. Shekara da shekaru, duk abin da kamfanin ya fitar sai wani ya ce ai an tabbatar da Spelljammer, har maganar ta zama abin barkwanci. Marubutan kuma suka riƙa zuga wutar. Giff sun bayyana a littafin dodanni na 2018. A Dungeon of the Mad Mage na wannan shekarar an ɓoye irin wannan jirgi a can ƙarƙashin ƙasa. A Rime of the Frostmaiden na 2020 wani jirgin ya faɗo cikin dusar ƙanƙara. A Oktoban 2021 takardar gwaji ta zo da ƙabilu shida, ciki har da giff da thri-kreen masu siffar ƙoƙi-ƙoƙi. A ranar 1 ga Afrilun 2022, ranar da Turawa ke yaudarar juna da wasa, kamfanin ya saki ɗan bidiyon ɓera a sararin samaniya, aka rasa gane ko zolaya ce. Makonni uku bayan haka ya sanar da littafin da gaske.

Da ya fito a Agustan 2022, sai ya zamana ƙananan littattafai uku ne masu shafi 64 kowanne a cikin kwali ɗaya, a kan kusan dala 70. Da yawa daga waɗanda suka fi kowa jira su ne suka fi kowa ƙorafi, musamman kan ƙarancin dokokin yaƙi tsakanin jirage. Bayanin wata ƙabila mai suna hadozee kuma ya jawo suka mai zafi saboda kamanninsa da tsofaffin zane-zanen cin mutuncin baƙar fata da tarihin bauta, har kamfanin ya nemi gafara ya cire shi. Kintace ya dace da suna, ya kusa dacewa da lokaci, amma game da abin da ke cikin kwalin kowa burinsa ya riƙa faɗa.

Abin da ke zuba ta gefe

Akwai alamun da kamfanin ba ya so su fita amma ba yadda zai yi. Littafi na bukatar watanni tsakanin gama rubutu da isa shago, kuma dillalai na bukatar suna da farashi da rana tun da wuri don su karɓi oda. Da bayanin ya shiga kwamfutocinsu, sai a wayi gari ya bayyana a fili. Amazon ya fitar da sunan Explorer's Guide to Wildemount a Janairun 2020 kafin a sanar da shi. Wata guda bayan haka, Mythic Odysseys of Theros ya ɓullo ta wajen Penguin Random House, wanda ke rarraba littattafan kamfanin a lokacin. A Yunin 2021 Amazon ya sake yi, wannan karon littattafai biyu, The Wild Beyond the Witchlight da na Strixhaven. Irin wannan alama ba ta cika ƙarya ba, sai dai takan zo ne kwanaki ƙalilan kafin sanarwa, lokacin da saninta bai ƙara wa kowa komai ba.

Kotu ma ta taɓa tona shiri. A Oktoban 2020 Margaret Weis da Tracy Hickman, marubutan littattafan hikaya na Dragonlance, suka shigar da ƙarar Wizards suna neman diyyar dala miliyan 10, bisa zargin an dakatar da wata yarjejeniyar sababbin littattafai uku. Kafin takardar ƙarar, jama'a ba su san da wannan aiki ba. Sun janye ƙarar a Disamba, littafin farko, Dragons of Deceit, ya fito a Agustan 2022.

Masu kintacen da suka ƙware ba sa tsayawa kan maganar marubuta, suna sauraron abin da shugabannin Hasbro ke gaya wa masu zuba jari, domin a can ba a zolaya. A Afrilun 2022 Hasbro ya sayi D&D Beyond, manhajar da miliyoyin masu wasa ke ajiye bayanan jarumansu da sayen littattafai a cikinta, a kan dala miliyan 146.3. A Disambar shekarar, shugabar Wizards ta lokacin, Cynthia Williams, ta shaida wa masu zuba jari cewa ba a samun kuɗin da ya kamata daga wasan. Hujjarta a bayyane take: a tebur mai mutum biyar, jagora ne ke sayen akasarin littattafai, sauran huɗun kusan kyauta suke wasa. Wanda ya haɗa cinikin manhajar da wannan magana zai gane cewa hankalin kamfanin ya karkata ga biyan kuɗin wata-wata da sayar da ƙananan abubuwa ta intanet.

Wata guda bayan haka aka ga abin da jita-jita ke iya yi in ta tabbata. Tun shekarar 2000 akwai wani lasisi mai suna Open Game License, wanda ya ba kowa damar amfani da ginshiƙan dokokin wasan ya buga nasa littafi ba tare da biyan ko sisi ba. A kansa aka gina Pathfinder da ɗimbin ƙananan kamfanoni. Tun ƙarshen 2022 ake ƙishin-ƙishin cewa za a taɓa shi. A farkon Janairun 2023 jaridar intanet ta Gizmodo ta samu daftarin sabon lasisi ta bayyana abin da ke ciki: za a soke tsohon, kuma duk wanda cinikinsa ya wuce dala 750,000 a shekara zai biya kashi 25 cikin ɗari na abin da ya haura. Ƙura ta tashi. Jama'a suka shiga soke rajistarsu ta D&D Beyond, Paizo ya sanar da cewa zai jagoranci samar da wani lasisin daban. Wizards ya fito da wani daftarin ya nemi jin ra'ayi, fiye da mutum 15,000 suka amsa, kusan kashi 90 cikin ɗari suka ƙi amincewa da soke tsohon lasisin. A ranar 27 ga Janairu kamfanin ya janye gaba ɗaya, ya kuma saka ginshiƙan dokokin bugu na biyar ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ba ya sokuwa. Wannan karon sanin shirin tun kafin ya nuna shi ne ya rushe shirin.

Abin da ba ya kintatuwa

Ko ranar da kamfanin ya sanar da bakinsa ba ta da tabbas. An tsara fitar da The Deck of Many Things, kwalin kati da littafi, a Nuwambar 2023, sai aka gano katunan sun fito da aibi daga masana'anta, aka ɗage fitar da kwalin zuwa Janairun 2024. Eberron: Forge of the Artificer da aka yi wa rana a Agustan 2025 ya koma Disamba saboda matsalar bango. A Afrilun 2025 gwamnatin Amurka ta ɗora harajin shigo da kaya da ya kai kashi 145 cikin ɗari a kan kayan ƙasar Sin, inda ake ƙera akasarin dayis da 'yan gumakan roba da kwalayen wasannin tebur, kuma mawallafa da dama a wannan fanni suka dakatar da shirye-shiryensu har sai ƙura ta lafa. Ba takardar gwajin da za ta nuna wa mutum wannan.

Nasara ma ba ta ba da tabbas. Baldur's Gate 3, wasan kwamfuta da kamfanin Larian na Beljiyam ya gina a kan dokokin bugu na biyar, ya fito a Agustan 2023 ya kwashe manyan kyaututtukan shekarar. Kowa ya ɗauka ci gabansa na tafe. A Maris na 2024 Larian ya ce ba zai yi na huɗu ba, ya koma nasa ayyukan. Sigil, teburin wasa na kwamfuta mai siffofi kamar na zahiri, wanda aka nuna a 2022 a matsayin makomar wasan, ya fito a Fabrairun 2025, a watan Maris aka sallami mafi yawan masu aikinsa.

Sannan shiri mutane ne ke riƙe da shi, mutane kuma suna tafiya. Winninger ya bar kamfanin a 2022. A Disambar 2023 Hasbro ya sanar da rage ma'aikata 1,100, abin ya shafi sashen wasan. Williams ta sauka a 2024. A Afrilun 2025, da kammala sababbin littattafan uku, Crawford da Chris Perkins, mutum biyun da suka fi kowa tasiri a kan bugu na biyar, suka ajiye aiki, a watan Yuni kuma suka koma Darrington Press, mawallafin ƙungiyar masu wasa ta Critical Role, wanda ya fitar da nasa wasan Daggerheart a watan Mayu. Duk wanda ya shekara goma yana nazarin ɗabi'ar waɗannan biyun don gane inda aka dosa, sai ya sake sabon karatu.

Zuwa ƙarshen 2025, duniyar da ta rage a bakin masu kintace ita ce Dark Sun. Ravenloft ta dawo a 2021, Spelljammer da Dragonlance a 2022, Planescape a Oktoban 2023, Greyhawk ta samu babi a Dungeon Master's Guide na 2024. Dark Sun, wadda Timothy Brown da Troy Denning suka tsara a 1991, labarin Athas ne, duniyar da ta zama hamada saboda tsafin cikinta yana zuƙe ran tsirrai. Ruwa da ƙarfe sun yi ƙaranci, sarakuna matsafa na mulkin birane da zalunci, bayi na kashe juna a fili don nishaɗin jama'a, kuma kusan kowa na da ɗan ƙarfin tunani. An dawo da ita sau ɗaya a bugu na huɗu, a 2010. A Fabrairun 2023 Kyle Brink, babban jami'in sashen a lokacin, ya ce duniyar na da abubuwa masu matsala da za su yi wuyar daidaitawa da ma'aunin kamfanin na yanzu, aka fahimci cewa batun bauta yake nufi, da yawa suka fid da rai. Sai ga shi a Mayun 2025 an saki takardar gwajin Psion, sabon jarumi mai ƙarfin tunani, magajin Mystic ɗin da aka binne. A Agusta wata takardar ta biyo baya ɗauke da mayaƙin fili, da matsafi mai zuƙe ran ƙasa, da wanda ya ƙulla alkawari da sarki matsafi. Waɗannan duka kayan Athas ne, ba wanda ya san duniyar da zai yi musu. Brink ya riga ya bar kamfanin, waɗanda suka fara aikin gwajin ma wasunsu sun tafi, kuma har shekarar 2025 ta ƙare Wizards of the Coast bai sanar da wani littafi mai suna Dark Sun ba.